Kalmar "coping" da rawanin katanga: mece ce ma'anarta, kuma daga ina ta fito?

Ummu Khalil: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan wata kalma da ta shige mini duhu. Ana kewaye mana fili da katangar bulo, da aiki ya zo ƙarshe sai birkilan ya ce saura "kofin", ni kuwa na ɗauka kofin shan ruwa yake nufi, har sai da ya nuna mini saman katangar da hannu, ya ce wani rufi ne na siminti da ake zubawa a kanta daga wannan kusurwa zuwa waccan. Da na duba takardar lissafin aikin sai na ga an rubuta "coping" da Turanci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a iya sanina wannan kalma tana nufin jure wa wani hali mai wuya, to me ya haɗa juriya da saman katanga? Sannan idan mutum zai rubuta sunan abin da Hausa, wace kalma ce ta dace?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam, Malama. A ganina amsar tana cikin tambayar taki. Saman katanga shi ne yake shan rana, shi ne ruwan sama yake fara duka, saboda haka Turawa suka kira shi mai juriya. Kalma ɗaya ce aka yi mata aiki biyu.

Malam Mai Ƙamus: Baban Sadiq, bayaninka yana da daɗin ji, amma tarihin kalmar bai goyi bayansa ba. Kalmomi biyu ne daban waɗanda zamani ya haɗa su a rubutu ɗaya da furuci ɗaya, kamar mutum biyu masu suna iri ɗaya da ba su haɗa kaka ba.

Ta farko, wadda Malama ta sani, ta shiga Turanci ne daga tsohon Faransanci a ƙarni na 14, kuma a lokacin ma'anarta gwabzawa ce a fagen fama. Tushenta shi ne "kolaphos" na Girkanci, wato naushi ko mari, wanda ya bi ta Latin ya zama "coup" a Faransanci, kalmar nan da muke ji idan soja suka yi juyin mulki. Daga ma'anar karawa da abokin gaba ta yi ta laushi har ta koma iya fuskantar matsala.

Ta biyu, wadda magina suke nufi, ba ruwanta da duka, sunan tufafi ce. A Latin na baya-baya akwai "cappa", abin rufe kai ko mayafi mai hula, kuma ta zo a rubuce-rubucen Isidore, malamin birnin Sebiliya na ƙasar Sifaniya da ya rasu a shekarar 636. Daga gare ta Turanci ya sami "cope", wata doguwar alkyabba da limaman coci suke yafawa a kafaɗa, buɗaɗɗiya ta gaba, ana maƙale ta a ƙirji. Daga sunan alkyabbar aka ƙirƙiro aikatau mai ma'anar a lulluɓe abu ta sama, daga aikatau ɗin kuma aka sami "coping". Abin da kalmar take cewa a zahiri shi ne an yafa wa katanga alkyabba.

Baban Sadiq: Malam, ina girmama iliminka, amma ban gamsu ba tukuna. Ina "cappa" ina "cope"? Wasalin ma ba ɗaya ba ne. Ina tsoron kada ya zama irin asalin nan da ake laƙaba wa kalma don kawai an ga ta ɗan yi kama da wata.

Malam Mai Ƙamus: Tsoronka yana kan hanya, kuma shi ne abin da ya kamata mai bincike ya fara da shi. Sai dai a nan wasalin da ka kawo a matsayin matsala shi ne babbar hujja. Wajen shekara ta 1200, a Turancin kudanci da tsakiyar Ingila, dogon wasalin "a" ya koma "o" a kalmomi masu yawa. Kalmar dutse da ake cewa "stan" ta zama "stone", ta gida da ake cewa "ham" ta zama "home", ta jirgin ruwa da ake cewa "bat" ta zama "boat". Sigar kalmar tamu da ta yaɗu a Latin na coci ita ce "capa", da dogon "a", kuma ta riga ta zauna a bakin Ingilishi kafin wannan sauyi, saboda haka guguwar ta tafi da ita tare da 'yan gida. Ita wannan kalma ta sake shigowa Turanci a ƙarni na 16 ta hanyar Faransanci, bayan guguwar ta wuce, shi ya sa a karo na biyu ta tsaya a "cape". Ita ma "cap", wato hula, 'yar gidan ce. Mu da muka mayar da "alkitab" na Larabci ya zama "littafi" ba mu da bakin mamakin wasali ɗaya da ya sauya.

Game da ma'anar gini kuwa, ta bayyana a rubuce wajen shekara ta 1600. A fassarar Baibul ta Turanci da aka buga a 1611, a Littafin Sarakuna na Farko, sura ta 7 aya ta 9, inda ake siffanta gine-ginen Annabi Sulaimanu, an ce duwatsu masu tsada aka yi amfani da su tun daga harsashi har zuwa "coping". Ka ga a nan kalmar tana tsaye ne kishiyar harsashi, wato jeri na ƙarshe na gini.

Baban Sadiq: Misalin littafi ya kashe mini baki. Na janye.

Tsohon Magini: 'Ya'yana, na karanta abin da kuka rubuta, kuma abin ya ba ni dariya, domin abin da Malam ya zagaya har Girka ya ɗauko, mu mun gaje shi a bakin iyayenmu. Mu rawani muke cewa. Idan an gina soro, an shimfiɗa azara, an ɗora ƙasa an daɓe rufi, sai a tayar da ɗan gajeren gini a kewaye bakin rufin gaba ɗaya, wannan shi ne rawani. Ta cikinsa ake huda wurin indararo domin ruwa ya fita nesa da bango, a kusurwoyinsa kuma ake kafa zankwaye. Gini bai cika ba sai an naɗa masa rawani, kamar yadda mai sarauta bai cika ba sai da nasa.

Kuma wurin da ya fi ko'ina cin aiki ke nan. Idan rani ya yi nisa ka hau sama, za ka tarar da kan rawanin ya yi tsage-tsage kamar fason ƙafa lokacin hunturu, wani tsagin har ɗan yatsa yana shiga. Idan ka bar shi haka ruwan farko ya sauka, ta nan zai bi ya jiƙa tubali daga ciki, kai kana ƙasa kana ganin bango lafiya lau, sai wata rana ɓangare guda ya zame. Shi ya sa ake bin kansa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a murza shi da tafin hannu har ya yi sulɓi, a kuma zagaye kan yadda ruwa ba zai sami wurin zama ba. Ki rubuta rawani, 'yata, ba ki yi kuskure ba.

Injiniya Ummu Aisha: Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya fi na littafi. Amma da izininka zan ɗan ja da maganar, domin a cikin bayanin naka abu biyu ne ka ambata, kuma Turanci ya ba kowanne sunansa. Ɗan gajeren ginin da yake kewaye rufi, wanda ka kira rawani, shi ne "parapet", kalmar da ta fito daga Italiyanci da ma'anar abin kare ƙirji, domin asalinta ganuwar da soja yake laɓewa a bayanta ce. Shi kuwa "coping" shi ne abin da ka ce ana murzawa a kan rawanin, wato rufin ƙarshe mai kore ruwa. Rawani yana iya zama babu wannan rufi, kuma katangar da ba ta da alaƙa da soro, irin ta Malama, tana iya samunsa.

Bambancin ya fi fitowa a ginin siminti da na dutse, inda abin yake zama wani yanki mai zaman kansa. Aikinsa ya rataya ne a kan abu uku da ba a rabuwa da su: a karkata samansa domin ruwa ya gangara, a bar bakinsa ya zarce fuskar katangar da kamar santimita 4 zuwa 5, sannan a yi wani siririn tsagi a ƙarƙashin bakin, daga farko har ƙarshe. Wannan tsagi shi ne sirrin. Ruwa yana da halin manne wa abu, idan ya gangaro bakin sai ya lanƙwaso ta ƙasa yana neman komawa jikin katanga, amma da ya iso tsagin sai hanya ta yanke masa, ya taru ya ɗiga ƙasa.

Na koyi darajarsa da tsada. A ɗaya daga cikin ayyukana na farko mun yi tsagin yadda ya kamata, sai mai filasta ya zo bayanmu ya gan shi, ya ɗauka kuskure ne, ya cike shi tsaf, ni kuma ban sunkuya na duba ba. Damina ɗaya ta isa. Farar katanga ta fito da baƙaƙen jirwaye daga sama har ƙasa, kamar wadda ta yi kuka da kwalli, fenti ya kumbura yana ɓarewa, gansakuka ta kama wajen inuwa. Laifin nawa ne, domin ni ce ban gaya masa amfanin tsagin ba.

Tsohon Magini: Na ji ki, 'yata, kuma kin yi gaskiya a wajen soro. Amma ni dai ko katangar gida ce, idan na zo jeri na ƙarshe na zagaye kanta na shafe, cewa nake yi na yi mata rawani, yaran da na koya wa aiki ma haka suke faɗa. Ƙasa ba ta raba abin gida biyu kamar yadda siminti ya raba ba, shi ya sa mu ma ba mu raba sunan ba.

Abu Fadila: Ina bin muhawarar tun farko, kuma ina so in kawo Faransanci, domin yana tsakanin Malam da Baba. A Faransanci ana kiran wannan rufi na katanga "chaperon", kuma ita ma jikar "cappa" ce. Asalinta hular sanyi ce mai rufe kai da wuya da kafaɗa, wadda mutanen Turai suke sawa a tsakiyar zamani. Abin da ya sa na ce tana tsakani shi ne, daga baya yayi ya sauya, maza suka koma ɗora ta a ka suna naɗe jelarta, har ta koma kamar rawani sak. Akwai sanannen zanen da Jan van Eyck ya yi a 1433, yana gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan, wanda aka daɗe ana kira mutum mai jan rawani, alhali abin da ke kansa "chaperon" ne. Saboda haka magini Bafaranshe da Baba kusan abu ɗaya suke faɗa ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Kalmar ma ta shiga doka. A kundin dokokin zamantakewa na Faransa na 1804, sashe na 654 ya yi magana a kan katangar da ke tsakanin maƙwabta biyu. Idan samanta a miƙe yake ta gefe ɗaya amma ya karkata ta ɗaya gefen, ko kuma ta gefe ɗaya kaɗai aka yi mata "chaperon" tun lokacin gini, to ana ɗaukar katangar mallakar wanda ruwan yake zuba a wajensa ce shi kaɗai. Hikimar a fili take, domin mai katanga ba shi da ikon juye wa maƙwabcinsa ruwa, don haka inda ruwa ya nufa can mai ita yake.

Malam Mai Ƙamus: Madalla da wannan, Abu Fadila. Maganar ruwa ta tuna mini abin da na tsallake ɗazu. Ita waccan alkyabba ta limaman coci tana da wani suna a Latin, "pluviale", daga "pluvia", wato ruwan sama, domin asalinta rigar ruwa ce kafin ta zama ta ado. Ashe ba siffa kaɗai magina suka duba ba da suka ari sunan, har da aiki, tun da alkyabba tana sauka daga kafaɗa ta bazu ta kore ruwa daga jiki, daidai da bakin nan da Injiniya ta ce dole ya zarce fuskar katanga.

Ba kowane harshe ne ya bi ta tufafin mutum ba. Sifaniyanci yana cewa "albardilla", ƙaramar "albarda", wato akumarin da ake ɗora wa jaki, ita kuma daga "albarda'a" ta Larabci, ɗaya daga cikin ɗimbin kalmomin da zaman Musulmi a Andalus ya bari. Su sun kalli katanga ne a matsayin gadon bayan dabba, rufin kuma yana zaune a kai yana sauka dama da hagu. Jamusanci kuma yana kiran saman katanga "Mauerkrone", wato kambin katanga.

Baban Sadiq: To ina matsayin zanko a cikin wannan lissafi? Na taɓa ganin an fassara "coping" da zanko, kuma shi ma ai a sama yake.

Tsohon Magini: Wanda ya fassara haka bai taɓa hawa soro ba. Zanko tsini ne da yake tsaye a kusurwa ko a kan ƙofa, sunansa daga zankon zakara da zankon aski, abu ne da yake miƙewa sama. Rawani kuwa kewayawa yake yi. Ana iya ƙirga zankwayen gida, amma ba a ƙirga rawani, sai dai a auna tsawonsa.

Injiniya Ummu Aisha: Haka ne, zanko ya fita daga takara, ko da yake zakara bai fita daga zancen ba. A karkarar Ingila, inda ake jera katangar dutse ba tare da siminti ba, akwai salon da ake kafa duwatsun saman a tsaye, dogo da gajere, dogo da gajere, suna kiransa zakara da kaza. A can nauyin duwatsun ne yake danne jerin da ke ƙasa ya hana shi warwarewa, ya kuma hana tumaki tsallakawa.

Amma in koma kan tambayar Malama ta biyu. A hira rawani ya wadatar, sai dai a takardar aiki ina bukatar suna biyu, domin idan na rubuta a gyara rawani, ban sani ba ko ɗan ginin za a rushe a sake ko rufinsa kawai za a taɓa. Shawarata ita ce a bar wa "parapet" rawani, a kira "coping" hula, tun da "cap" da "cope" 'yan uwa ne. Sai mu ce hular katanga, idan kuma a kan soro ne mu ce hular rawani.

Tsohon Magini: 'Yata, a nan kam ba zan bar ki ba. A ina kika taɓa ganin an ɗora hula a kan rawani? Hula ake fara sawa, sannan a naɗa rawani a kanta. Idan kika ce wa magini hular rawani, zai nemi abin a ƙarƙashi, ba a sama ba.

Injiniya Ummu Aisha: Wallahi Baba ka kama ni, ban yi tunanin wannan ba. Na biyo dangantakar kalmomin Turanci na manta yadda ake sa kayan.

Malam Mai Ƙamus: Gyaran Baba ya nuna cewa kwatancen da ke cikin rawani yana raye a kunnen Bahaushe, alhali Bature mai cewa "coping" ba ya ganin wata alkyabba, sai an tono masa. Shi ya sa shi yake iya ɗora "coping" a kan komai, mu kuwa dole mu kiyaye tsarin kai da abin da ke kansa. Ni abin da na fi karkata gare shi shi ne a bi wurin da abin yake. A katanga mai tsayuwa ita kaɗai babu wani rawani da zai yi gasa da shi, saboda haka rawanin katanga ba zai rikita kowa ba, kuma yana da shaidar masu sana'a. A kan soro ko bene kuwa, inda rawani ya riga ya zama sunan ɗan ginin, sai a ce murfin rawani. Kalmar murfi ba ta da ado, amma ba wanda zai tambayi ko a sama take ko a ƙasa.

Abu Fadila: Ni ina da ɗan saɓani a kan murfi, domin murfi abu ne da ake buɗewa a mayar, kamar na tukunya, wannan kuwa a manne yake har abada. Da rufin rawani aka ce da ya fi kwanta mini. Amma a kan rawanin katanga ba ni da ja.

Baban Sadiq: Shi kuma "kofin" na birkila fa? Ina ganin ko mun so ko mun ƙi, shi ne zai ci gaba da yawo a wurin aiki, kamar yadda bulo da filasta da lintal suka zauna.

Malam Mai Ƙamus: Zai iya zama, kuma furucin nasa bisa ƙa'ida yake, domin Hausa takan mayar da "p" ta zama "f", kamar yadda ta yi a fenti da famfo. Matsalarsa ɗaya ce, ya faɗo a kan kalmar da ke da mai ita, kuma Malama da kanta shaida ce, tun da kofin shan ruwa ta fara nema. A baki, hannu yana nuna saman katanga ya warware rikicin, a rubuce kuwa babu hannun.

Ummu Khalil: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, musamman Baba. Yau da safe na koma wurin aikin na ce wa birkilan ina so mu yi maganar rawanin katanga, kuma ga mamakina bai tambaye ni abin da nake nufi ba, ya ɗaga kai ya kalli saman katangar kawai. Da na tambaye shi tsagin ƙarƙashi sai ya ce bai yi niyyar yi ba, amma abu ne mai sauƙi, zai kwantar da siririn katako a cikin allon zubin kafin a zuba kankare, idan ya bushe a zare shi. Mun kuma yi shawara cewa ta ɓangaren da muka haɗa iyaka da maƙwabci za a karkata shi zuwa cikin filinmu. A takardar lissafin na soke "coping" na rubuta rawanin katanga a gefensa, ranar Asabar za a yi zubin.